Janareta a Ɗaka, Taga a Ɗaure

Assalamu alaikum edita, da duk wanda idonsa ya sauka kan wannan takarda. Ban iya zagaye-zagaye ba, don haka in an ga ya dace a buga, a buga shi yadda yake, kada a yi masa kwalliya. Shekara tara da suka wuce ina zaune a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, mace mai baki, wadda in ta ce a'a ko dattijan unguwa suka zo sai su koma da a'arta. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya uku, mace ɗaya da maza biyu, na riƙe su da zoɓo da kunun aya da ƙanƙara. A lokacin ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ban iya rubutawa, kuma ban ɗauki hakan a bakin komai ba. A ganina babu abin da takarda za ta gaya mini game da riƙon gida wanda ban riga na sani ba. Mutane suna shakkata, ni kuma, in faɗi gaskiya, ina jin daɗin hakan.

Sana'ata ta dogara da sanyi, wutar gari kuma ba ta da alkawari, shi ya sa na sayi ƙaramin janareta ja, irin wanda ake jan igiyarsa. Da hannuna nake tayar da shi, ni nake zuba masa mai, ni nake goge masa filogi in ya ƙi tashi, har matan unguwa suna leƙowa su gani. Ranar da na saye shi wani mai gyaran inji ya gaya mini abu ɗaya, cewa kada in yarda ruwa ya taɓa shi yana aiki, don zai iya ƙonewa ko wutar ta kama mutum. Wannan maganar na riƙe kamar karatu. Ina zuwa gida na yanko tsohuwar ledar tebur na liƙa a kan tankinsa don kada fentin ya karce. Wurin zamansa tsakar gida ne, gindin dogon yaro, waya kuma ta bi ta ƙarƙashin ƙofa zuwa ɗakin ajiya inda firizata take.

Ɗiyata ita ce 'yar farina. Masu karatu sun san abin da wannan ke nufi a wajenmu. Ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce ke, ko in ce yarinyar nan. Ban taɓa yabonta a gaban mutane ba, ko goyonta ban yi a bainar jama'a ba, har ta girma aka aurar da ita a Argungu, ga wani yaro manomin shinkafa, mai sanyin hali, wanda in ya zo gaishe ni a zaure yake tsugunawa, idonsa a ƙasa, ba ya haɗa kalma biyar. Da cikinta na fari ya tsufa ta dawo gida haihuwa kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya a asibiti, mace, tsakiyar damina. Ƙannenta maza suna Ambursa wajen noma a gonar kawunsu, sai ƙanwata ta taho daga can don ta taya ni wankan biƙi, wato wankan jego kamar yadda wasu ke cewa. Gida ya zama mu huɗu, ni da ƙanwata da mai biƙi da jaririya.

Na sa ta a ɗakina, wanda ke jikin ɗakin ajiya. A kula da wannan. Bangon da ya raba ɗakunan biyu bai kai kwano ba, akwai tazara a sama kamar kamu ɗaya, kuma ba mu da silin. Shekara da shekaru ina kallon wannan tazara, ta nan nake jin kukan firiza, ban taɓa tunanin wani abu zai bi ta nan ya ƙetaro ba.

Mu a wajenmu babban abokin gabar mai biƙi shi ne sanyi. Haka uwata ta koya mini, haka na ga an yi mini. Sanyi in ya shiga jikin mai biƙi, an ce ba ya fita, shi ne kumburi, shi ne ciwon ƙafa har tsufa. Don haka ruwan zafi safe da la'asar da ganyen dogon yaro, kunun kanwa da zafinsa, farfesu mai yaji, ɗaki kuma a rufe. Malamar asibiti ta ja mini kunne ranar sallama cewa kada in sa mata garwashi a ƙarƙashin gado, don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa. Na yi musu kaɗan, amma na bi. Har ina yi wa ƙanwata alfahari cewa ni na waye, ba na kai wuta ɗakin mai biƙi. Sai na rama a kan taga. Sakatar ta lalace, iska tana buɗe ta, na samo waya na ɗaure ta tamau, na cusa tsummoki a duk inda haske ke shigowa, na rataya bargo a ƙofa.

Kwana biyu bayan suna aka yi wata iska da ruwa da ta kayar da turakun wuta a layinmu. Wuta ta tafi, kuma ruwan bai tsaya ba, yau yayyafi, gobe kamar da bakin ƙwarya. Firiza cike da kaya, ƙanƙara ta fara zama ruwa. Na dubi inji a gindin bishiya, na tuna maganar mai gyara, sai na ce to ai da sauƙi. Ni da ƙanwata muka kama shi muka kai shi ɗakin ajiya, kusa da firiza, na ja igiya ya tashi, na jawo ƙofa don ƙarar ta ragu kada ta dami mai biƙi. Bai daɗe da dawowa daga gyara ba, hayaƙinsa ba ya ko nunawa. Ni kuma a sanina hayaƙin da ke cutarwa shi ne wanda ido ke gani, wanda ke sa tari da hawaye.

Ranar farko bai yi aiki da yawa ba, man da ke ciki kaɗan ne, ya mutu da kansa. Amma da na shiga wajen ɗiyata na tarar tana riƙe da kai, ta ce kanta kamar ana sara shi, ɗakin yana juya mata, har ta amayar da kunun da ta sha. Jaririya kuma ta yi lamo, ta ƙi kama nono sai da aka jima. Ni ma kaina ya ɗan yi nauyi, na ce gajiyar suna ce. Game da ɗiyata kuwa ban yi shakka ba, na ce sanyi ne ya sami ƙofa, na zargi ƙanwata da barin bargo a ɗage, na ƙara tsumma a taga. Washegari da safe na shiga ɗakin ajiya na tarar da kazata, wadda ke kwanci a kwando bayan firiza, ta mutu a kan ƙwanta, ba rauni, ba jini, kamar mai barci. Na ɗauke ta ta ƙafa na jefar a bola, ina cewa ciwon kaji na damina ya shigo unguwa. Allah ya nuna mini a jikin kaza, na ɗauka na jefar.

A ranar na aika aka sayo mai, na cika tanki har baki. Da hantsi na tayar da shi a wuri ɗaya, na rufe ƙofa. Ana cikin yayyafi sai ga surukina daga Argungu a kan babur, ya jiƙe sharkaf, ya kawo ɗanyen kifi, babban yanki na giwan ruwa, a yi wa mai biƙi farfesu. Ya tsuguna a zaure muka gaisa, ni daga ciki, shi daga waje, kamar kullum. Na ga yana karkata kai yana sauraren ƙarar injin. Sai da na juya ya kira ƙanwata gefe, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ita ta zo ta same ni a madafi tana murmushin tsoro, ta ce yaron nan yana cewa wai ko za a fito da injin waje, a kafa masa ko kwano ne a sama. Wai su a fadama, injin ban ruwa ko a rami mai zurfi ba sa yarda su daɗe kusa da shi, don yana sa jiri, har wani ya taɓa faɗuwa.

Da ta faɗa mini a ɓoye ne kaɗai, da wataƙila na yi tunani. Amma na san yana zaure yana jiran amsa, kuma abin da kunnena ya ji shi ne yaron da na ba ɗiya ya zo yana koya mini yadda zan riƙe ɗakina. Na ɗaga murya yadda zai ji, ina fuskantar ƙanwata, na ce ta gaya masa nan ba fadama ba ce, in matarsa ta koma Argungu ya yi mata yadda ya so, amma a gidan nan ni na haife ta, kuma ba yau na fara ganin mai biƙi ba. Na ce in ruwa ya ƙone inji, kifin nasa ma a bola zai kwana. Ƙanwata ta ce, Yaya, ai ba da wata manufa ya faɗa ba. Na ce ta je ta duba ruwan wanka. Shi kuwa ya ƙara sunkuyar da kai, ya ce a yi haƙuri, ya bar saƙon gaisuwa ga matarsa don an ce masa ta kwanta, ya hau babur ya koma, saboda ruwa yana barazanar cinye masa gona.

Bayan azahar na shiga ɗakin da kwanon kunu. Jaririya tana ta wani kuka marar ƙarfi, uwar kuma tana kwance ta juya fuska bango. Ta ce ciwon kan ya dawo, ya fi na jiya. Na ce ta sha kunu ta yi barci, barci ne maganinsa. Na ɗauki jaririyar na goya ta, don uwar ta samu ta huta. Wannan goyon shi ne kaɗai abin kirkin da na yi a ranar, kuma ban yi shi da sani ba. Na kai bakin ƙofa na ɗaga bargo, sai ta yi magana a bayana.

"Inna, buɗe mani tagar ga ko kaɗan ne. Iskar ba ta isa ta."

Na ce mata iskar da take nema ita ce ta kwantar da ita. Na ce in ta yi arba'in ta je ta kwana a tsakar gida in tana so. Ban ko juya na dube ta ba. Na saki bargo, na jawo ƙofa har ta kama.

Madafinmu rumfa ce a ɗaya ƙarshen tsakar gida. Nan muka zauna ni da ƙanwata, muna yanka kifi, tukunyar wanka tana kan wuta, ruwa yana sauka a kan kwano, inji yana ta ƙugi daga ɗakin ajiya. Jaririya ta dawo da kuzarinta a bayana, ta yi kuka mai ƙarfi, sannan ta yi barci. Har na ce wa ƙanwata ta ga, jaririyar ma zafin ɗaki ne ya dame ta. Na faɗi haka da bakina, ban ji abin da na faɗa ba. Mata biyu maƙwabta suka shigo da lema za su duba mai biƙi, na tare su a tsakar gida na ce tana barci, barka ai an yi ta ranar suna, su dawo gobe. Ɗayarsu ta yi dariya ta ce wannan tsaro ko gidan gwamna sai haka. Sau biyu ƙanwata tana miƙewa za ta leƙa, sau biyu ina zaunar da ita, na ce yarinya ba ta runtsa ba tun jiya, duk wanda ya tashe ta ni da shi ne. Ni na tsaya a ƙofar nan da bakina na hana kowa shiga.

Ana kiran la'asar inji ya yi tari biyu ya mutu, mai ya ƙare. Gidan ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga indararo. Na ce to lokacin wanka ya yi, na miƙa wa ƙanwata jaririya, na nufi ɗaki. Da na tura ƙofa wani ɗumi mai nauyi ya tare ni, kafin in yi taku uku kaina ya sara. Gadon babu kowa. Tana ƙasa, a gindin taga, ta jingina da bango kamar wadda ta zauna hutawa, kanta ya faɗa kafaɗa. A hannunta akwai tsumma ɗaya da ta zaro. Wayar da na ɗaure ta warware zagaye ɗaya, saura uku. Na san saura uku, don da haƙorina da farcena na ƙarasa warware su.

A nan ne na kira sunanta. Shekara ashirin da biyu ban taɓa furta shi ba, ranar na kira shi har muryata ta dushe, ina jijjiga ta, ina jan ta zuwa tsakar gida cikin ruwa, ruwan da na yi kwana goma ina ɓoye ta daga gare shi. Ƙanwata ta fita da gudu ba mayafi ta kira maƙwabcinmu mai mota. Tana numfashi, amma sama-sama, jikinta ya saki, fuskarta kuwa ta yi kyau kamar ba abin da ke damunta.

A asibiti likita bai daɗe yana dubanta ba ya juyo ya tambaye ni ko akwai garwashi a ɗakin. Na ce babu, har da ɗan ɗaga kai, don ina ganin nan na fita. Ya ce inji fa? Na ce yana ɗakin da ke kusa, ba ɗakinta ba. Ya tambayi bangon, na gaya masa. Ya tambayi tagar, na gaya masa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce a cikin hayaƙin kowane injin fetur akwai wata guba da ba a ganinta, ba a jin warinta, ko injin sabo ne fil. In ta taru a rufaffen wuri tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iska, mutum ya ji ciwon kai da jiri da amai, sannan ƙarfinsa ya tafi tun hankalinsa bai gama tafiya ba, ya ga ƙofa ya kasa kai wa gare ta. Ya ce irin gubar gawayin ce da aka hana ni, sai dai ta inji ta fi yawa da sauri. Suka sa mata iskar asibiti a hanci, suka yi iya yinsu. Ba ta farfaɗo ba. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makoki mutane sun yi mini abin da ake yi, sun ce kwana ne ya ƙare. Wasu suna raɗa cewa jinin haihuwa ne ya hau mata kai, wasu suka ce iska ce ta damina, wata tsohuwa har ta fara laluben wanda ya yi mata baki ranar suna. Da na yi shiru da an tafi a haka, ba mai tuhumata har abada. Rana ta uku na kasa. Na miƙe a tsakiyar mata na ce a daina neman maye, injina ne, ni na kai shi ɗaka, ni na ɗaure taga, an gaya mini na ƙi ji. Aka yi ta jan zanena a zaunar da ni, ana cewa baƙin ciki ne ya taɓa ni. Na yi imani da ƙaddara, kuma na san ba wanda ke wuce ranarsa. Amma na san hannun da sababin ya bi, don ina wanke shi kullum.

Surukina bai taɓa ɗaga mini murya ba, har yau. Ranar bakwai ya zo ya tsuguna a wurin da ya saba a zaure, sai ni ce na fito na zauna a gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ya faɗi duk abin da ke ransa, na cancanta. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da na san shi.

"Inna, ni ma ina da nawa. Na san abin da injin nan ke yi. Da ban ji kunyarki ba, da na shiga na kashe shi da hannuna."

Wannan maganar ta fi zagi ciwo. Na yi shekaru ina gina kaina yadda ba mai iya gaya mini gaskiya, kuma na yi nasara. Yaro ya zo da ran ɗiyata a bakinsa, ya rasa ta inda zai miƙo mini shi.

Mahaifiyarsa ta karɓi jaririyar ta tafi da ita Argungu, ban yi musu ba, da wane baki? Injin ya yi wata shida a inda yake, ba na shiga ɗakin. Ranar da na sa aka fito da shi za a rabu da shi, ledar da na liƙa ta ɓanɓare, sai ga wata takarda manne a jikin tankin, tun daga kamfani. Hoton gida ne da inji a ciki an ja masa jan layi, gefe kuma ga inji a waje nesa da gida, da rubutu a ƙasa. Tun ranar da na saye shi gargaɗin yana nan, ni na rufe shi don kada fenti ya karce. A satin na je na rubuta sunana a ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa, ina zama da sa'o'in ɗiyata suna dariyar yadda nake riƙe fensir. Ba zan ce karatu ne zai cece ta ba, don hoton ko makaho da rabin ido zai gane shi, kuma an gaya mini da baki ban ji ba. Amma na yi alkawari ba za a ƙara rubuta abu a gabana in rufe shi da leda ba.

Har yanzu ƙarar janareta ba ta damuna kamar mutuwarsa. Ko a kasuwa nake, in na ji inji ya yi tari ya tsaya, wuri ya yi tsit, sai in ji ni a tsakar gidan nan da wuƙar kifi a hannu, ina cewa lokacin wanka ya yi. Na sa an cire tagar ɗakin gaba ɗaya, an sa raga. Ruwa yana shigowa, sanyi yana shigowa, 'ya'yana maza sun gaji da magana. Wani lokaci ina ninke kaya sai in ji kamar an yi magana a bayana daga wajen gado, ba da fushi ba, da irin muryar nan ta mai neman alfarma. Abin da ke cina shi ne ba ta yi mini gardama ba. Na tarbiyyantar da ita a kan kada ta musa mini, ta kuwa bi, sai da numfashi ya gagara sannan ta rarrafa wajen tagar da kanta.

To 'yan'uwana mata, da ku nake, musamman masu firiza da masu ɗinki da masu markaɗe, mu da inji ya zama abokin sana'armu. Janareta ba ya shiga ɗaki, ko ɗakin ba kowa, ko na ajiya ne, ko zaure ne, ko ƙofa a buɗe take. Wurinsa fili, nesa da taga da ƙofa, bakin salansarsa yana kallon inda ba mutane. Mai gyara bai yi ƙarya ba, ruwa da wuta ba sa haɗuwa, kuma kada a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, amma maganin ruwa rumfa ce mai kwano a sama da iska ta kowane gefe. In babu rumfa a kashe shi. Ƙanƙara ta narke, kifi ya ruɓe, ni na ceci kifi kuma ba wanda ya ci shi. A bar shi ya huce kafin a ƙara masa mai. In kuwa inji yana aiki kuka ga mutum biyu a gida ɗaya suna kukan ciwon kai, ko jariri ya yi lamo, ko dabba ta mutu ba dalili, kada a tsaya neman sanyi ko iska. A fitar da kowa waje, a kashe inji, a tafi asibiti ko an ji sauƙi. Ku kuma yara, surukai da ƙanne da 'ya'ya, in kun ga babba zai yi irin wannan, ku ajiye kunya a zaure ku shiga ku kashe shi. Mu zage ku, zagi yana wucewa.

Jikata yanzu tana aji uku a Argungu, ina zuwa duba ta duk ƙarshen wata. An gaya mata uwarta ta rasu tana jaririya, sauran kuma ni zan gaya mata da bakina in ta ƙara hankali, ba zan bari ta ji a waje ba. Zuwana na baya ta kawo mini littafinta, ta ce malama ta ce kowa ya rubuta sunan mahaifiyarsa, ita kuma tana so ni in rubuta mata don ta ga ko na iya. Na karɓi fensir na rubuta, harafi bayan harafi. Ta ce to in karanta. Kakarta ta wajen uba tana zaune, ta san al'ada, ta ce a'a, ba a sa uwa ta faɗi sunan 'yar fari. Na ce a bar ni. Na karanta shi da ƙarfi, sau biyu.

Duk mai janareta a gida, in ya gama karanta wannan, ya tashi ya je ya dubi inda yake ajiye. Allah ya jiƙan ɗiyata, ya yafe mini, ya sa kada wata uwa ta fara kiran sunan 'yar farinta a ranar da na fara kiran na tawa.